Lord Shaftesbury: Ɗan Majalisar Da Ya Buɗe Ƙofofin Gidajen Mahaukata A Ingila

Cikin 'yan majalisar da aka yi a Ingila a ƙarni na 19, da wuya a sami wanda sunansa ya fi fitowa a dokokin da suka shafi marasa galihu kamar Anthony Ashley-Cooper, wanda aka fi sani da Lord Shaftesbury. Bai taɓa zama Firayim Minista ba, bai kuma taɓa riƙe wata babbar ma'aikata ba, ko da yake an yi masa tayi fiye da sau ɗaya. Amma ya yi kusan shekara 60 yana zama a majalisa, kuma shekara 57 cur yana cikin hukumar da ke duba gidajen da ake tsare masu taɓin hankali. Makamin da ya fi amincewa da shi kuwa shi ne kwamitin bincike na majalisa, wanda ke da ikon kiran mutum ya zo ya ba da shaida a rubuta. Da wannan makami ya fasa ƙofofin da aka daɗe da rufewa, da shi kuma aka riƙa tuhumarsa shi kansa bayan da ya zama mai riƙe da mabuɗan.

An haife shi a birnin Landan ranar 28 ga watan Afrilu, 1801, a gidan sarauta da dukiya. Mahaifinsa ya gaji sarautar Shaftesbury a shekarar 1811, kuma ya daɗe yana shugabantar kwamitocin Majalisar Dattijai, wato majalisar masu sarautar gado. Mahaifiyarsa 'yar Sarkin Marlborough ce. Duk da wannan gata na haihuwa, yaron bai ga sakin fuska daga iyayensa ba. Wata tsohuwar ma'aikaciyar gidansu mai suna Maria Millis ita ta rene shi, ta koya masa addu'a da karatun littafin addininsu na Kirista, kuma agogon da ta bar masa gado shi ya riƙa ɗaurawa har tsufansa. Ya yi karatu a makarantar Harrow, inda aka ce wata rana ya ga wasu mashaya suna ɗauke da gawar wani matalauci, suna tangaɗi har akwatin ya suɓuce musu ya faɗi ƙasa. Daga nan ya wuce Jami'ar Oxford, ya fita da digiri mai daraja ta ɗaya a 1822.

A 1826 ya shiga Majalisar Wakilai a jam'iyyar 'yan ra'ayin riƙau, yana wakiltar Woodstock, wani ɗan ƙaramin gari da ke hannun dangin mahaifiyarsa. Ana kiransa Lord Ashley a lokacin. Kujera ce ta alfarma, ba ta farin jini ba, kuma ba wanda ya zaci wani abu zai fito daga gare ta.

A Ingila ta wancan zamani, tsare mahaukata sana'a ce ta neman kuɗi. Mutum zai buɗe gida, ya karɓi lasisi, dangi ko hukumar unguwa su kawo masa mai taɓin hankali su riƙa biya duk mako. Akwai doka tun 1774 wadda ta ɗora wa wasu likitoci biyar aikin zagaya irin waɗannan gidaje a Landan, amma ba ta ba su ikon rufe ko ɗaya ba, ba ta kuma kare matalauta ba. A 1815 wani kwamitin majalisa ya tono abubuwan ban tsoro a asibitin Bethlem, har da mutumin da ya yi shekaru a ɗaure da ƙarfe a jikin bango. Majalisar Wakilai ta zartar da shirin gyara har sau uku, Majalisar Dattijai tana watsar da shi. An yi bincike, an buga rahoto, an koma gidan jiya.

A 1827 wani ɗan majalisa mai suna Robert Gordon ya sake tayar da maganar, aka kafa kwamiti a kan matalautan mahaukata na lardin Middlesex, aka sa Ashley a ciki. Shaidun da aka saurara sun ba da labarin wani gida a unguwar Bethnal Green, mallakar wani mai suna Warburton. Ana kwantar da majinyata tsirara a kan ciyawa cikin wasu akwatunan katako, a sa musu mari tun yammacin Asabar, ba a kwance su sai safiyar Litinin, domin masu gadi su sami hutun ƙarshen mako. Nan za su yi fitsari, nan za su yi bayan gida. Ran Litinin a fito da su a watsa musu ruwan sanyi ko da hunturu ne, babu sabulu, tawul ɗaya ga mutum 160. Ashley bai tsaya ga abin da shaidu suka faɗa ba, ya tafi da ƙafarsa ya gani, domin gani ya kori ji. Wannan ɗabi'a ta zuwa da kai ita ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

A watan Fabrairu na 1828 Gordon ya gabatar da shirin doka, Ashley ya miƙe ya goya masa baya, kuma wannan shi ne jawabinsa na farko mai muhimmanci a majalisa. Dokar da ta fito ta kafa hukuma mai kwamishinoni 15 domin Landan da kewayenta, biyar daga cikinsu likitoci, da ikon ba da lasisi, da shiga gida sau huɗu a shekara, da sallamar wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba. Ashley yana cikin kwamishinonin farko, kuma cikin 'yan shekaru ya zama shugabansu.

Daga nan hankalinsa ya rabu gida biyu, domin a 1833 masu fafutukar rage wa yara sa'o'in aiki a masaƙu sun roƙe shi ya zama bakinsu a majalisa. Shirinsa na sa'a goma ya faɗi, gwamnati ta kawo nata, wanda ya hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 9 ba a masaƙa, ya kuma naɗa sufetoci huɗu. Mutum huɗu ga ƙasa guda abin dariya ne, amma dokokin da suka gabata ba su da ko ɗaya, shi ya sa suka mutu a kan takarda. A 1840 ya sa aka kafa hukumar binciken aikin yara, wadda rahotonta na 1842 ya fito da zane-zanen mata da ƙananan yara suna rarrafe cikin ramukan kwal, suna jan amalanke da sarƙa a ƙugu. Dokar da ta biyo baya a wannan shekara ta hana sa mata da 'yan mata da yara maza 'yan ƙasa da shekara 10 aiki a ƙarƙashin ƙasa, bayan da masu mahaƙai na Majalisar Dattijai suka rage mata ƙarfi. Dokar sa'a goma kuwa ba ta tabbata ba sai 1847, kuma ba ya majalisa ranar da ta wuce, domin ya ajiye kujerarsa a 1846 saboda saɓanin da ya shiga tsakaninsa da masu zaɓensa manoma a kan harajin hatsi. John Fielden ne ya ƙarasa aikin. Ashley ya dawo a 1847 yana wakiltar garin Bath.

A maganar mahaukata kuwa, an faɗaɗa ikon hukumarsa a 1842 ta zagaya dukan Ingila da Wales, ta miƙa rahotonta a 1844. Da wannan rahoto ya shiga majalisa, ya ba da labarin wata mata a Wales da aka ajiye fiye da shekara goma a wani ɗan ƙaramin ɗaki a saman gida, ba iska ba haske. Sakamakon haka shi ne dokoki biyu na 1845. Ɗaya ta wajabta wa kowane lardi ya gina asibitin masu taɓin hankali domin matalauta, abin da a da ganin dama ne. Ɗayar kuma ta kafa hukuma ta dindindin ga ƙasa baki ɗaya, mai ma'aikata shida masu albashi, uku likitoci, uku lauyoyi, da wasu 'yan kaɗan marasa albashi. Wannan haɗi na likita da lauya ba a banza aka yi shi ba, domin mai taɓin hankali majinyaci ne, amma kuma mutum ne da aka raba da 'yancinsa ba tare da ya yi laifi ba. Ashley ya zama shugaban hukumar, bai karɓi ko kwabo ba, kuma ya riƙe ta shekara 40.

Faɗuwarsa ta farko a hannun majalisa ta zo ne ta fuskar tsabtar gari. A 1848 aka yi dokar lafiyar jama'a, wadda ta kafa Babbar Hukumar Lafiya na tsawon shekara biyar. Dokar ta ce ana iya kafa ƙaramar hukumar lafiya a gari idan kashi ɗaya cikin goma na masu biyan haraji suka nema, ko kuma a tilasta ta idan mace-mace suka wuce 23 cikin kowane mutum 1,000 a shekara. Ashley ya shiga hukumar tare da Edwin Chadwick, wani ma'aikacin gwamnati mai kaifin basira da kaifin harshe. Ba su gama zama ba annobar kwalara ta sauka, ta kashe fiye da mutum 50,000 a Ingila da Wales, kimanin 14,000 daga cikinsu a Landan. Manya da yawa sun gudu ƙauye. Ashley ya zauna a birnin yana aiki dare da rana.

Sai dai ƙwazo ba ya maye gurbin sani. Hukumar ta yi imani cewa wari da gurɓatacciyar iska ke kawo cutar, don haka aka duƙufa wanke kwatami ana tura ƙazanta cikin kogin Thames, kogin da mutanen birnin ke sha. Likita John Snow ya rubuta tun 1849 cewa ta ruwan sha cutar ke yaɗuwa, ya kuma ƙarfafa hujjarsa a 1854 da wani famfo na titin Broad, amma ba a saurare shi a kan lokaci ba. Ban da wannan, hukumar ta tara abokan gaba ta kowace kusurwa: kamfanonin ruwa, da masu sana'ar binne gawa, da injiniyoyi, da manyan likitoci, da hukumomin unguwanni waɗanda ba sa son a ba su umarni daga Landan. A 1851 mahaifin Ashley ya rasu, ya gaji sarautar Shaftesbury, ya koma Majalisar Dattijai. Chadwick kuwa ma'aikaci ne, ba shi da kujera. Ke nan mutanen biyu da ke juya hukumar ba wanda Majalisar Wakilai za ta iya tsayarwa ta yi wa tambaya. A 1854 da aka kawo shirin tsawaita wa'adinta, wakilai suka kayar da shi da 'yar ƙaramar rata. Aka sake gina hukumar ƙarƙashin minista mai amsa tambayoyi a majalisa, Sir Benjamin Hall, aka yi wa Chadwick ritaya, Shaftesbury ya fita da ɓacin rai. Babu shakka son zuciyar masu kamfanoni ya yi aiki a wannan ƙuri'a, amma ƙorafin da aka yi cewa hukumar tana kashe kuɗin jama'a ba mai tuhumarta, ƙorafi ne mai tushe.

Gwagwarmayar da ta fi tsawo, wadda kuma ta fi nuna halinsa, ita ce ta wanda ke da ikon sa hannu a tsare mutum da sunan hauka. Bisa dokar 1845, matalauci ba ya shiga asibiti sai da takardar likita ɗaya da umarnin majistare ko na wasu jami'an unguwa. Amma wanda danginsa za su biya masa, takardar wani ɗan'uwa da shaidar likitoci biyu sun isa, ba ruwan alƙali. A nan gizo ke saƙa, domin mai dukiya shi ake kwaɗayin gadonsa, matar da ta dami mijinta ita ake son a kawar. A 1858 marubuci kuma minista Edward Bulwer Lytton ya sa aka tsare matarsa Rosina bayan ta tozarta shi a bainar jama'a wurin taron zaɓe. Jaridu suka yi ca, aka sake ta cikin 'yan makonni. A 1859 majalisa ta kafa kwamitin bincike a kan dokokin hauka, kuma babban mai ba da shaida shi ne Shaftesbury. Reshe ya juye da mujiya: mutumin da ya zauna a teburin masu tambaya a 1827, yau shi ke kujerar mai amsa.

Ra'ayinsa a fili yake, kuma bai sauya shi ba har ya mutu. A ganinsa taɓin hankali ciwo ne da ke warkewa idan an tare shi da wuri, kuma idan aka ce sai an je gaban majistare, iyalai za su ɓoye majinyacinsu a ɗaki saboda kunyar tonon asiri, har ciwon ya fi ƙarfin magani. Yana ganin majistare bai san komai game da ciwon ƙwaƙwalwa ba, sa hannu kawai zai yi. Kariyar da ta dace, in ji ra'ayinsa, ita ce a aika wa hukumarsa takardun kowane mutum da aka karɓa, kwamishinoni kuma su riƙa kai ziyara ba sanarwa. Ba daga nesa yake magana ba, domin ɗansa Maurice ya yi fama da farfaɗiya har ya rasu a 1855. Masu adawa da shi kuwa suna cewa ɓarawo ma ba a kulle shi sai alƙali ya ji ta bakinsa, to ina ga wanda bai ɗauki kayan kowa ba? Suna kuma tambaya yadda mutum shida za su iya sa ido a kan dubban majinyata. Wannan tambaya ta biyu tana da nauyi, domin yawan waɗanda aka rubuta masu taɓin hankali ya tashi daga kimanin 20,000 a 1844 zuwa fiye da 80,000 a 1890, alhali kwamishinoni masu albashi suna nan shida. Asibitocin lardi da aka gina da fatan warkarwa sun cika sun batse, sun koma rumbunan ajiye mutane.

Kwamitin 1859 bai rushe tsarinsa ba. A 1877 aka sake kafa wani, Shaftesbury yana da shekara 76, ya zo ya sake amsa tambayoyi cikin fargabar cewa aikin rayuwarsa zai wargaje a gabansa. Rahoton da ya fito a 1878 bai sami tabbacin cewa ana tsare masu hankali da gangan ba, ya fita da mutuncinsa. Amma tsugune ba ta ƙare ba. A wannan shekara ta 1878 mijin wata mawaƙiya mai suna Georgina Weldon ya turo likitoci su kama ta, ta tsere, daga baya ta kai su kotu tana kare kanta ba lauya, ta yi nasara a 1884. Shari'arta ta nuna wa jama'a yadda likita zai iya sa hannu bayan hira ta 'yan mintoci. A 1885 babban ministan shari'a, Lord Selborne, ya gabatar da shirin doka da ke wajabta umarnin majistare ga kowa. Shaftesbury ya ajiye shugabancin hukumar don nuna rashin amincewa. Cikin watan Yuni gwamnatin Gladstone ta faɗi, shirin ya bi ta, dattijon ya koma kujerarsa.

Bai kamata a ɗauke shi waliyyi ba. Mutum ne mai saurin jin an ci masa fuska, mai ɗaukar sukar aikinsa tamkar sukar addininsa. Ya tsaya wa talaka, amma bai yarda talaka ya yi zaɓe ba: ya ƙi gyaran dokar zaɓe na 1832, ya soki na 1867, ya kuma ƙi ƙuri'ar asiri. Abokan hamayyarsa masu masaƙu sun sha yi masa gori da halin da 'yan ƙodago ke ciki a gonakin gidansu na Dorset, kuma da ya gaji gonakin ya tarar da gorin gaskiya ne, ya shiga gyara da kuɗin bashi, bashin da ya bi shi shekaru masu yawa. A gefe guda kuma, shi ne shugaban ƙungiyar makarantun yara marasa galihu tun 1844, kuma shi ya matsa har aka yi dokar 1875 wadda ta kawo ƙarshen tura ƙananan yara cikin bututun hayaƙi su share.

Ya rasu a garin Folkestone ranar 1 ga Oktoba, 1885, yana da shekara 84, shekara 13 bayan matarsa Emily wadda ta haifa masa 'ya'ya goma. Aka yi masa addu'a a majami'ar Westminster ranar 8 ga wata, inda talakawan Landan, masu talla da masu wankin takalmi da yaran makarantunsa, suka yi dafifi a bakin titi. Aka kai shi ƙauyensu na Wimborne St Giles aka binne.

Shekara biyar bayan rasuwarsa, dokar 1890 ta tabbatar da abin da ya ƙi: ba a tsare mai biyan kuɗi sai da umarnin alƙali ko majistare. Abin da ya yi hasashe kuma ya auku, domin shekara 40 aka yi asibitocin lardi ba sa iya karɓar mai neman magani da kansa sai an rubuta shi mahaukaci a hukumance, har dokar 1930 ta buɗe wannan ƙofa. A 1959 majalisa ta sake cire majistare daga sha'anin, ta mayar da hukunci hannun likitoci, ta kafa kotuna na musamman inda wanda aka tsare zai iya ɗaukaka ƙara.

Tsarin 1890 ɗin, mai haɗa takardar likita da umarnin majistare, shi Turawan mulki suka tsallako da irinsa Nijeriya. Ya shiga dokar mahaukata ta 1916, aka sake mata fasali a 1958, kuma ita aka ci gaba da aiki da ita har watan Janairu na 2023, lokacin da aka sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda Majalisar Tarayya ta zartar.